MAGANAR BURTALI DA MASHAYA KAFIN MASU AWO SU ISO

(Wannan jawabi ne da aka karanta da sunan kwamitin ƙungiyarmu a babban taron bayan girbi a nan Baleyara. Mun buga shi domin ƴan'uwa da ke Yamai, da masu cin rani, da waɗanda suke daji tare da dabbobi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.)



Iyayenmu sarakuna da masu gari, Allah ya ja zamaninku. Malamai, Allah ya gafarta muku. Arɗo da rugga da garso na kowace ruga, shugabannin zangon Buzaye, dattawa, iyayenmu mata, samari da ƴan mata, muna yi muku barka da zuwa. Mun gode wa waɗanda suka taso daga Bonkuku da Damana da Filinge, Allah ya mai da kowa gida lafiya.

Jama'a, maganar da ta tara mu yau guda ɗaya ce. Manyan ayyukan gwamnati suna ta zuwa ƙasarmu, hanya ce, wayar lantarki ce, madatsar ruwa ce, kuma muna maraba da su. Amma duk aikin da ya zo fili yake ci. Ranar da za a biya diyya, mai gida yana nuna gidansa, mai gona yana nuna kunyarsa, mai lambu yana nuna mangwaronsa. To makiyayi me zai nuna? Sawun saniya iska ɗaya ke share shi. Muna so mu tashi daga wurin nan da shawarar yadda burtalinmu da mashayarmu da huruminmu za su shiga takarda tun masu awo ba su iso ba.

ABIN DA MUKA GADA

Garin nan namu yana cikin Dallol Boso, tsohon kwarin da ya gangaro daga Azawak ya bi ta Filinge da Bonkuku da Baleyara da Birnin Gaure har ya faɗa kogin Kwara a Bumba. Ruwan kogin ya daɗe da ƙafewa, amma na ƙarƙashin ƙasa yana kusa, shi ya sa ake samun rijiya ba tare da dogon haƙa ba, shi ya sa gawo da goriba suke tsaye, shi ya sa ake samun kanwa. Wannan ni'ima ita ta tara Kurfayawa da Zabarmawa da Buzayen Tagazar da na Imanan da Filani wuri guda. An yi zaman daɗi, an yi na faɗa, kakanninmu ba su ɓoye mana ba. Amma a ƙarshe an shirya yadda za a ci arzikin kwarin tare.

Shirin kuwa kowa ya san shi. Da damina ta sauka, a fitar da garke daga cikin gonaki ta burtali, wasu su hau tudu da fako, wasu su yi arewa wajen Abala har Azawak. Da kaka, in an kwashe hatsi aka saki gonaki, su dawo su ci kara da harawa, su kwana a gonar mutum su bar masa taki, shi kuma ya ba da dami. Matan ruga su kawo nono da mai, su koma da hatsi. Da bazara ta tsananta, ƴaƴan gawo su riƙe dabba har ruwa ya sauka. Manomi da ya sami ƴan kuɗi ya sayi karsana ya ba makiyayi amana. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, amma an yi shekaru aru-aru ana bin su.

Cikin gadon nan akwai habbanaye, wato mutum ya ba ɗan'uwansa da ya rasa dabba aron karsana, ya riƙe ta har ta haihu sau biyu ko uku, ya sha nono, ƴaƴan su zama nasa, ya mai da uwar. Bayan farin 1973 da na 1984 gidaje da yawa da wannan suka sake tashi. Akwai sanin rugga da garso, waɗanda suka san wace ciyawa ke fitowa a wane wuri, wane tabki ke riƙe ruwa har sanyi, wace rijiya ce sai an nemi izinin mai ita. Akwai irin dabbobin kansu. Tashar kiwo ta Tukunus, arewa da Filinge, tun 1954 take can tana kula da shanun Azawak, kuma ana zuwa neman irinsu daga ƙasashen maƙwabta. Amma ba a cikin waya aka ƙirƙiro saniyar Azawak ba. Makiyaya ne suka tace ta, uwa bayan uwa, a kan hanyar tafiya da dawowa.

Duniya ta san darajar irin wannan gado. A 2005 hukumar UNESCO ta sa bukin tsallakar da shanu kogi da Filanin Mali suke yi, Yaral da Degal, cikin manyan al'adun ɗan Adam. A 2014 ta karɓi wasan taubasantaka na Nijar. Mu ma muna da bukin shan gishiri na Ingal da Hottungo na ƙasar Boboye. Sai dai mu lura da abu guda. Buki ɗan hanya ne. Ana yin sa ne domin garke ya tafi ya dawo lafiya. Ranar da hanya ta toshe, za a iya tara mutane su yi ado su yi rawa a gaban baƙi, amma abin da ake yi wa rawar ya riga ya mutu.

ABIN DA YA CANZA

Na farko, mun yi yawa. Ƙidayar 1977 ta sami mutum wajen miliyan 5 a Nijar, ta 2012 ta sami sama da miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta haihuwa. Saurar da ake bari ta huta an daina bari, jigawar da ba a nomawa an nome ta, fadamar da dabbobi ke sha an kewaye ta da shinge an yi lambu.

Na biyu, ƙofofi sun rufe. Tun rikicin arewacin Mali na 2012 rashin kwanciyar hankali ya shigo arewacinmu, wuraren kiwo da yawa sun gagari masu su. A kudu, ƙasar Benin ta sanar a ƙarshen 2019 da hana garkunan ƙetare shiga. Dabbar da ta kasa zuwa arewa ta kasa zuwa kudu, ina za ta tsaya? A nan cikin dallol, a bakin gonakinmu.

Na uku, fili ya zama kuɗi. Tsakaninmu da Yamai wajen kilomita 100 ne bisa kwalta. Hanyar nan ta Yamai zuwa Filinge ita ta ɗaga kasuwarmu ta Lahadi, manyan motoci suna lodin shanu da tumaki da raƙuma, mara lafiya yana isa asibiti da wuri. Babu mai musun alherinta. Amma ita ce kuma ta kawo masu kuɗin birni da ke neman fili a bakin hanya, su saya su ja waya, wani lokaci ba tare da an tambayi su wa ke bi ta wurin ba.

YADDA BABBAN AIKI KE CIN FILIN KIWO

Ya kamata mu gane yadda abin ke gudana, don kada mu riƙa kuka bayan aiki ya wuce. Babban aiki ba da katafila yake farawa ba. Yana farawa da mota ɗaya da mutum uku ko huɗu masu na'urar awo da littafi. Su kafa turaku, su zana taswira. Bayansu masu ƙidaya su zo su rubuta sunan duk wanda aikin zai taɓa, da gidansa, da faɗin gonarsa, da yawan itatuwansa. Akwai ranar rufe littafi. Wanda sunansa bai shiga ba kafin ranar nan, da wuya ya shiga bayanta.

To, in masu ƙidaya sun zo da damina, makiyayi yana tudu ko yana arewa. In sun zo da rani suka tarar da fili babu kunya babu shinge, sai su rubuta daji ne, babu mai shi. Ba lalle mugunta ce ta sa su ba. Abin da idonsu ya gani suka rubuta, kuma babu takardar da ta gaya musu akasin haka.

Ɓarnar kuma ba faɗin kwaltar kaɗai ba ne. Akwai tudun da ake ɗaga hanya a kai da lambatun gefe, waɗanda ke yanke burtali biyu in ba a bar mashiga ba. Akwai sansanin ma'aikata. Akwai ramukan da ake ɗebar marmara, waɗanda galibi a filin kiwo ake haƙa su don babu mai neman diyya a can. Mun ga irin ramin nan ya tara ruwa ya zama mashaya, makiyaya suka yi murna shekara biyu, a ta uku aka wayi gari an kewaye shi da ƙaya an shuka kayan lambu. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan duka: manomin da aka karɓe wa gona aka ba shi kuɗi, gobe ina zai noma? Filin da ya fi kusa kuma babu mai tsaronsa shi ne hurumi. Ta haka makiyayi ke biyan bashin aikin da ba a ko rubuta sunansa a ciki ba.

MU DUBI KANDAJI

Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A cikin jiharmu ta Tilaberi, kusa da Ayoru, akwai aikin madatsar ruwa ta Kandaji bisa kogin Kwara. Tun shekarun 1970 ake maganarta. Shugaba Tanja Mamadu ya aza harsashinta a Agusta 2008. An ba wani kamfanin Rasha aikin, aka soke yarjejeniyar a 2013. Shugaba Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da shi a Maris 2019 tare da kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin, aikin ya kuma tsaya a 2023 bayan juyin mulki. Abin da ake fata daga gare ta babba ne: lantarki megawat 130 da noman rani na hekta 45,000. Wane ɗan ƙasa ne ba ya son wannan?

Amma ku dubi lissafin mutane. A zagayen farko an tayar da sama da mutum 5,000. Zagaye na biyu an ƙiyasta zai shafi wajen mutum 50,000, har da garin Ayoru. Waɗannan su ne masu gida da gona, waɗanda ake iya ƙirgawa. A bakin kogin kuwa akwai burgu, ciyawar ruwan da shanu ke rayuwa da ita da rani. Burgu ba na mutum ɗaya ba ne. Akwai mazauna wurin, akwai masu zuwa wata uku su tafi. In ruwan tabki ya hau kansa, sunan wa za a rubuta? Garken da ya rasa burgu kuma ba ɓacewa zai yi ba, wani wuri zai nufa, kuma dallol ɗinmu yana cikin wuraren da ke da ruwa da rani. Saboda haka maganar Kandaji tamu ce, ko da yake ba a ƙofarmu ake gina ta ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Wasu suna cewa makiyayi ba shi da gata a gaban hukuma. Jama'a, a takarda dai yana da shi, kuma ya kamata kowa ya haddace waɗannan.

Dokar 26 ga Mayu 1961, mai lamba 61-05, ta ja iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayan layin filin kiwo ne. Mu nan muna kudu da layin, cikin yankin noma, don haka abin da makiyayi ya dogara da shi a wurinmu shi ne burtali da hurumi da mashaya.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, mai lamba 93-015, ta sa burtali da hanyoyin dabbobi cikin dukiyar jama'a da ke hannun gwamnati ko ƙananan hukumomi. Ma'ana, ba mai gari, ba ɗan sarki, ba wanda ke da ikon sayar da su. Ta kuma yarda makiyaya suna da haƙƙin fifiko a mazauninsu na asali, wurin da suke komawa kowace shekara, kuma dokar zartarwa ta 10 ga Janairu 1997, mai lamba 97-007, ta fayyace wannan.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, mai lamba 2010-29, ta ƙara ƙarfi. Ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na asali wanda gwamnati ta amince da shi kuma take karewa. Ta hana wani ya mallake filin kiwo na jama'a shi kaɗai. Ta ce ba a raba makiyaya da haƙƙinsu na fifiko sai don amfanin jama'a, kuma sai an biya diyya ta adalci tukuna.

Akwai kuma dokar karɓar fili don amfanin jama'a ta 1961, mai lamba 61-37, wadda aka gyara a 2008, da dokar 2018 ta binciken illar ayyuka ga muhalli. Su ne suka wajabta a yi bincike a saurari jama'a kafin a fara aiki.

Masu aiwatar da dokar karkara su ne kwamitocin filaye, waɗanda muke kira Kofo: na departama, na kwamin, da na gari ko na ruga wanda mai gari ko shugaban ƙabila ke jagoranta, da wakilan manoma da makiyaya da mata da samari. Tun da Baleyara ta zama departama a 2011, ba sai mun je Filinge kan kowace takarda ba. Amma doka kamar rijiya ce, ruwan na ciki, sai ka zo da gugarka. Burtalin da ba a auna ba, ba a kafa masa turaku ba, ba a shigar da shi kundin karkara ba, a idon injiniya babu shi.

MU FAƊA WA KANMU GASKIYA

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin wani kamfani ya ci burtali, mu muka fara cin sa. Kowace damina a ƙara kunya ɗaya, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma sai saniya ta bi bayan saniya. Wasunmu suna shuka a bakin tabki da gangan, suna jiran a yi musu ɓarna su ci tara. A ɗaya gefen, akwai masu tura yara ƙanana da babban garke, akwai masu shiga gona da dare kafin hukuma ta sanar da ranar sakin gonaki. Akwai masu sa hannu a takardar cinikin filin da suka san ba nasu ba ne. Duk mun san wannan.

Mun kuma san inda hanyar nan take kaiwa. A Oktoba 1991, a Toda cikin jihar Maraɗi, rikicin gona da kiwo ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah ya jiƙansu, Allah kada ya maimaita mana. A wannan zamani da makamai suka yawaita a daji, ƙaramin rikicin burtali ba ya tsayawa ƙarami.

Manomi kada ya ce wannan maganar Filani da Buzaye ce. Wane gida ne a nan ba shi da akuya ko tunkiya ko san noma? Wa ke kiwon shanun amanarmu? In garke ya daina zuwa, taki sai na buhu da kuɗi, kasuwar Lahadi kuma ta rage rabi.

SHAWARWARIN KWAMITI

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke kawowa gabanku domin ku amince ko ku gyara:

1. Kowane gari da kowace ruga da ba su da Kofo mai aiki su nemi a kafa ko a farfaɗo da shi, kuma kujerar makiyayi ta zama ta makiyayi na gaske, wanda ke bin dabba.

2. Da ranin nan, dattawan manoma da rugga da garso su taka kowane burtali da ƙafa tare, daga mafari har mashaya. Ɗalibanmu su bi su da littafi, su rubuta sunan kowane wuri da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, da tarihinsa, da su wa ke amfani da shi, da wane lokaci. Wannan littafi shi ne shaidarmu, shi ne kuma gadon jikokinmu.

3. Mu kai wannan aiki gaban Kofo na kwamin da na departama, mu nemi a auna, a kafa turakun siminti, a shigar da shi kundin karkara, a ba mu kwafi. Kwafi ɗaya ya zauna wurin mai gari, ɗaya wurin arɗo, ɗaya a akwatin ƙungiya.

4. Wanda gonarsa ta shiga burtali a bi shi da lalama, a ba shi lokaci ya kwashe amfaninsa, kada a kunyata kowa a bainar jama'a.

5. Kada mai gari ko shaida ya sa hannu a cinikin fili sai Kofo ta tabbatar ba ya cikin burtali ko hurumi ko bakin mashaya.

6. Duk ranar da aka ga masu awo ko aka ji sanarwar bincike, a aika wa waɗanda ke daji ta waya da ta rediyon gari. Wakilanmu su halarci zaman sauraron jama'a, su sa a rubuta maganar kiwo cikin littafin, su nemi mashigar dabbobi a kan hanya, da shawara da mu kan inda za a haƙa marmara, da fili madadin fili maimakon kuɗin da ke ƙarewa cikin wata biyu.

7. Ƴan'uwanmu ma'aikata da ke Yamai su taimaka da karanta takardun ayyuka da fassara mana su. Kuɗin mota da na takarda za su fito daga gudummawar ƙungiya, ma'aji zai karanta lissafi a taro mai zuwa.

Jama'a, ba mu zo yin faɗa da hanya ko lantarki ko madatsa ba. Muna so su zo su same mu a shirye, da takardarmu a hannu da bakinmu ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dattawan da suka san inda kowane burtali ya bi suna raguwa kowace shekara, in ba mu taka tare da su bana ba, wata rana za mu nemi mai nuna mana mu rasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu ta gona da ta garke, ya kawo zaman lafiya a Tagazar da Imanan da Tondikandiya da Kurfai da ƙasarmu Nijar baki ɗaya. Wanda muka saɓa wa a cikin magana ya yafe mana. Yanzu fili naku ne, za mu fara da iyayenmu dattawa.